Ɓarawon Ragon Sherif

Kafin wata ta sake rubuto min cewa, "Muniya, ki gode wa Allah, babanki wayayye ne, ba zai matsa miki ba," bari in gaya muku irin gidan da na fito.

A garinmu Wahran, duk uba mai hankali idan saurayi ya zo neman 'yarsa, tambayarsa yake: ɗan waye kai, me kake yi, kana sallah? Nawa uban, Si Kaddur (a wajenmu "Si" kamar "Malam" ne), tsohon ma'aikacin gidan waya, ba ya ɓata yawunsa a kan wannan. Zaunar da kai zai yi a falo, ya ja labule, ya kunna maka fim ɗin kaboyi wanda ya girmi mahaifiyata, sannan ya juya kujerarsa yana kallonka kai, ba talabijin ba. Ka yi hamma, ka faɗi. Ka taɓa waya, ka faɗi. Wani bawan Allah injiniya da ya zo bara, laifinsa kawai ya ce, "Wai me ya hana su kiran 'yan sanda?" Ko kofin shayinsa bai ƙarasa ba.

Unguwa ta daɗe da raɗa masa suna: Sherif. Ba sharifi ba, ku lura. Sherif, mutumin nan na cikin fim mai tauraron gwangwani a ƙirji, wanda shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali, shi ne mai gadin kurkuku. Baba dai bai taɓa riƙe bindiga ba. Kaza ma sai dai Mama ta aika wa maƙwabci ya yanka. Amma yana da baƙar malafar kaboyi rataye a bayan ƙofa, kuma wallahi ya fi goge ta a kan yadda yake goge tabaraunsa.

"Ku ba ku san sinima ba," haka yake fara mana kowace Juma'a bayan an ci kuskus. "Mu a zamaninmu a layin gaba muke zama, wuyanmu a sanƙare. Kaboyi na zuba Faransanci kamar haifaffen Faris, ba wanda ya damu. In mugu ya laɓaɓo ta bayan jarumi, sinima gaba ɗaya sai ta miƙe: 'Bayanka! Bayanka!' Huwari ma ya taɓa jifan mugun da takalmi, ya yaga ƙyallen majigi, aka kore mu wata guda."

Huwari shi ne mai shagon da ke kallon gidanmu. Ku riƙe sunansa. Hankalin da yake da shi ranar takalmin, shi yake da shi har yau.

Ni ce auta, ni kaɗai na rage a gida, shekara ashirin da takwas, ina aiki a kantin magani. Wannan lissafin shi ke hana Mama barci. Sai Allah ya haɗa ta da wata Hajja Zubida a wurin biki. Hajja Zubida ta ji ana cewa, "Ga matar Sherif can," ta matso da kujerarta har tana take wa mutane ƙafa. Ita ta ɗauka gidan sharifai ne. Mama kuwa, matar da ke gyara wa mai karanta labarai a talabijin kuskure, ranar bakinta ya mutu, ba ta gyara komai ba.

Ɗan Hajja Zubida, Nazim, lauya ne. Dogo, fari, turarensa na riga shi shiga ɗaki. Tun da ya samu lambata nake tashi da saƙonsa:

"Barka da asuba, gimbiyar zuciyata." Sai jerin furanni har ƙarshen layi.

Ni kuma wanda nake jiran saƙonsa, ga irin nasa:

"Ba zan iya kira ba. Hannuna na cikin saniya."

Lutfi kenan, likitan dabbobi. A kantinmu ya fara ganina, ya zo sayen auduga, ya tsaya yana kallona har na ɗauka zai faɗi wata magana mai daɗi. Sai ya ce, "Haƙoranki lafiyayyu ne ƙwarai." Kada ku tambaye ni yadda aka yi. Ni ma na sha tambayar kaina. Fiye da shekara muna tare a waya da kan bencin bakin teku, ba wanda ya sani a gida. Duk lokacin da na ce, "Yaushe mutanenka za su zo?" sai ya tura tabarau sama da ɗan yatsa ya ce, "Bari in ɗan daidaita tukuna." Ban san me yake daidaitawa ba. Na ɗauka ɗaki ne da kujeru.

To, aka sa ranar da Nazim da uwarsa za su zo: Juma'ar da ta rage kwanaki kaɗan Babbar Sallah. Mama ta riga ta tsegunta wa Hajja Zubida sirrin jarrabawar, don haka Nazim ya kwashe mako yana bitar kaboyi kamar zai shiga kotun ƙoli.

Da safiyar ranar ina tsaye gaban madubi, ina fama da wata koriyar doguwar riga mai aikin zare ruwan zinariya wadda ƙanwar Mama ta aro min, ta matse ni a haƙarƙari kamar tana bi na bashi, sai Mama ta faɗo ɗakin ba sallama. Hannunta duk gari.

"Ragon babanki."

"Me ya yi?"

"Sauka ki gani. A hankali, kada ya ji."

Ragon layyar Baba yana cikin gareji, a ƙasan benenmu. Baba ya zaɓe shi ne saboda ƙaho, yana sauka kullum ya shafa masa wuya yana masa magana ƙasa-ƙasa, irin yadda mutanensa na cikin fim ke yi wa doki. Na buɗe ƙofar na tarar da shi a kwance, cikinsa ya kumbura kamar ganga, yana nishi. A gabansa ga babbar roba, an lashe ta tas.

Na koma sama. "Mama, me kika ba shi?"

"Ƙullun da ya ƙi tashi jiya. Da ɗan ragowar burodi. Zubarwa zan yi? Haramun ne."

"Kashe ragon kuma halal ne."

"Rufe min baki. In babanki ya sani yanzu, jininsa zai hau, baƙi su zo su tarar da makoki. Ke da kike aikin magani, ba ki san wani likitan dabbobi ba? Ko waye. Ya zo a ɓoye."

Ko waye, in ji ta. Na ce, "Zan duba ko akwai."

Na rubuta wa Lutfi. Ya amsa nan take, abin da bai taɓa yi wa "ina kewarka" ba.

"Tun yaushe? Yana tsayuwa? Kada a ba shi ruwa."

"Ba ya tsayuwa. Baba bai sani ba. Kuma yau masu neman aurena za su zo."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Na zuba wa wayar ido, na ce yau dai kishi zai matso magana daga bakin mutumin nan. Saƙon ya shigo:

"Zan zo bayan sallar Juma'a in ɗauke shi. In na yi aikin a gareji, warin zai kai falonku."

Madalla da soyayya.

Baƙi suka iso bayan an sauko daga masallaci. Hajja Zubida a gaba, cikin farar jallabiya, awarwaro tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, tana ɗauke da tiren makrut, wato irin alkakinmu, mai sheƙi da zuma. A bayanta Nazim. Jama'a, lauya guda: riga mai gida-gida ja da baƙi, bel mai kan ƙarfe kamar murfin tukunya, da wasu takalma masu tsinin baki waɗanda daga tafiyarsa ka san yau ya fara sa su. Ya miƙa wa Baba hannu yana wani ƙanƙance ido kamar rana na dukansa. A cikin falo.

Aka ci kuskus. Na kawo shayi, na zuba daga sama yadda Mama ta ce, don a ga kumfa a san ina da tarbiyya. Sannan Baba ya ja labule.

Fim ɗin irin wanda kuka sani ne, in kun taɓa ganin ɗaya. Wani ƙauye da ba komai cikinsa sai mashaya, kurkuku da maza marasa wanka. Mace ɗaya ce a garin, aikinta ta kawo gahawa ta kuma yi ihu. An sace dokin wani attajiri, an kama wani baƙo, mutanen gari sun fara neman igiya.

Kakata, uwar Baba, wadda muke kira Hanna, tana zaune a kusurwarta da carbi. Ta haura tamanin da yawa, kunne ya yi nauyi, amma ba ta taɓa fashin fim ba. Ita dalilinta daban.

"Ina mutanena?" ta tambaya da ƙarfi. "Ba su fito ba?"

"Hanna, wannan babu Jajayen Indiyawa a ciki," in ji Baba.

"Waɗanne mutane?" Hajja Zubida ta tambayi Mama a hankali.

Hanna, da ba ta jin kiran sallah sai an taɓa ta, ta ji wannan. "Masu ƙasar! Masu gashin tsuntsu. Su nake zuwa gani. Sojojin nan masu shuɗin kaya kuwa na san su tun ina yarinya, sun zo ƙauyenmu zamanin mulkin Turawa, hula ce kawai suka sauya. Duk ranar da aka harbo ɗaya daga kan doki sai na yi guɗa."

"Hanna, na ce miki ba su a ciki."

"To wa ya ba waɗannan filin da suke rataye junansu a kai?"

Baba ya ƙara muryar talabijin. Wannan faɗan sun fara shi tun kafin a haife ni, ba kuma ranar za su gama ba.

Wayata ta yi motsi a ƙarƙashin cinyata, saƙon Lutfi ne. "Ina ƙasa." Na ɗauki butar shayi kamar zan ƙaro ruwa, na shige kicin, na jefa makullin gareji cikin kwandon da muke zurawa ta taga mu ɗauko burodi, na sauke masa. Na hango tsohuwar farar motarsa mai buɗaɗɗen baya, da shi kansa cikin rigar aiki mai tabo. Ya ɗauki makullin bai ko ɗago ba. Na dawo na zauna kamar waliyyiya.

Na tarar Nazim ya fara amsa jarrabawa ba a tambaye shi ba. A talabijin an jefa igiya kan reshen bishiya.

"Ka gani ko, Si Kaddur? Wannan shi ne adalci. Mu a kotu sai mu shekara muna juya takarda, ɓarawo na mana dariya. Su kuwa igiya, bishiya, an gama. Maza kenan."

Girar Baba ta ɗan motsa. Mama ta ɗauka alamar yabo ce, ta sakar wa Hajja Zubida murmushi.

A nan ne muryar Huwari ta tsaga unguwa.

"Ɓarawo! Jama'a ɓarawo! Ragon Sherif!"

Ku tuna, saura kwanaki Sallah, kowa a unguwar da ido ɗaya yake barci saboda ragonsa. Ku ƙara da cewa Juma'a ce, duk maza na gida, sun ƙoshi, ba abin yi. Kafin in kai baranda titi ya cika. Dogayen riguna, silifa, wani da cokali a hannu. Huwari na gaba da dogon ƙarfen da yake jawo ƙofar shagonsa. Sun tare motar, wani ya zare makullinta, biyu sun riƙe wa Lutfi wuyan riga. Ragon na kwance a bayan motar, ƙafafunsa a miƙe.

"Likita ne ni!" Lutfi ke cewa. "Ragon ba shi da lafiya, ku duba cikinsa!"

"Likita! Ni kuma gwamna ne!"

Wanda ya riga kowa sauka daga gidanmu Nazim ne. Da waɗannan takalman, ban san yadda ya yi ba. Ya ratsa mutane, ya ɗaga kai ya tabbatar ana kallonsa daga baranda, sannan ya ɗauke Lutfi da mari. Tabaraun Lutfi ya faɗi ƙasa, wani ya taka.

"Ku kawo igiya mu ɗaure shi a jikin fitilar nan!" in ji lauya.

Na buɗe baki, Mama ta damƙe min wuyan hannu har farcenta ya shige ni.

"Kin san shi?" ta ce cikin raɗa. Ta dubi fuskata, ta samu amsa. "Innalillahi. Ki yi shiru. Kin buɗe baki a nan, kin gama da kanki a unguwar nan. Duba tagogi."

Na duba. Kowace taga da kan mace a ciki.

Baba ne ƙarshen sauka, saboda gwiwa. Da ya fito ƙofar gida na ga abin da ya tsayar da shi: malafar ce a kansa. Farar doguwar riga, silifan banɗaki, da baƙar malafar kaboyi. Da wata rana ce, da na yi dariya har na faɗi. Mutane suka buɗa masa hanya suna murna, "Ga Sherif nan! Ga mai rago!"

Ya taka a hankali har gaban Lutfi. Sai ya juya masa baya, ya fuskanci jama'a.

"Ku sake shi."

"Kaddur, ragonka ne fa!" in ji Huwari.

"Tunda nawa ne, ni zan yi tambaya. Wanda ya ƙara taɓa shi, ni ya taɓa." Ya dubi ƙarfen hannun Huwari. "Kai tun muna yara muke kallo tare, har yau ba ka gane su waye masu kawo igiya ba? Ajiye wannan abin, kada ka tsokane wa wani ido."

Huwari ya sauke ƙarfen, yana gunaguni. Baba ya waiwayi Lutfi.

"Ba a fasa ƙofata ba. Wa ya ba ka makulli?"

Lutfi ya kau da kai. Leɓensa ya fashe, jini na ɗiga kan rigarsa. Ba tabarau, ido a ƙanƙance, amma ko kuskuren ɗaga kai wajen barandarmu bai yi ba.

"Da kai nake, ɗana."

"Ba zan iya faɗa ba, Si Kaddur."

Titi ya sake ɗaukar zafi. "Ka ji ko! Yana da abokin sata a unguwar nan!" Nazim ya ɗaga yatsa kamar a gaban alƙali: "Shirunsa ma amsa laifi ne!" Aka fara turowa daga baya. Wani ya miƙo hannu ta saman kafaɗar Baba ya kai wa Lutfi naushi, ya goge malafar, ta karkace. Baba ya yi taga-taga. Tsoho mai hawan jini, a tsakiyar ƙattin da suka ƙoshi da kuskus.

Na fizge hannuna daga na Mama.

"Ni na ba shi!"

Ban san muryata na da wannan ƙarfin ba. Kawuna suka ɗago gaba ɗaya, ga ni a baranda cikin koriyar rigar aro, da jan baki, a ranar da aka zo neman aurena.

"Ni na ba shi makullin. Ragon ne ba lafiya, na kira shi. Likita ne. Sunansa Lutfi."

Matar Huwari, Allah ya saka mata, ta leƙo daga tagarta ta yi tambayar da unguwa ke son yi: "Ke kuma a ina kika san sunansa?"

Ba sai na amsa ba. Daga bayana Hanna, da ta jawo ƙafa ta iso baranda ba ta san ma me ake ciki ba, ta ga taro ta ga ɗanta da malafa, ta rangaɗa guɗa.

Baba bai ɗago ya kalle ni ba. Wannan ya fi min mari ciwo.

Lutfi ne ya fara magana. "Si Kaddur, ku yi min duk abin da za ku yi daga baya. Ragon nan ba zai kai la'asar ba."

Baba ya gyaɗa kai. Lutfi ya laluba jakarsa, ya fito da wata doguwar roba, ya sa Huwari, shi dai Huwarin, ya riƙe ƙaho. Ya zura wa ragon robar ta baki. Abin da ya fito ba zan kwatanta muku ba, wataƙila kuna cin abinci. Iyaka dai taron da Baba ya kasa korawa da malafa, wari ya kore shi cikin ƙiftawar ido. Nazim da ya matso don a gan shi a gaba, takalmansa suka samu rabonsu. Can ragon ya yi wata doguwar gyatsa, ya yunƙura, ya tsaya da ƙafafunsa yana kallon mutane kamar su ne suka yi abin kunya.

Wanda ya zare makullin motar ya miƙa wa Baba, kansa a ƙasa. Baba ya ce, "Kowa nawa, sama."

A falo fim na nan a tsaye inda aka bar shi, igiya na reto. Baba ya ajiye makullin motar a kan tebur kusa da tiren makrut, ya cire malafa ya ɗora a gwiwa. Nazim ya fara, "Si Kaddur, ai kowa zai iya yin kuskure, a irin yanayin..."

"Lauya," in ji Baba, ya nuna talabijin. "Ka ga wancan na gefe, mai riƙe da bakin igiya, wanda ko suna ba a ba shi ba? Shi ka yi mako kana koyo. Ka gaida gida."

Hajja Zubida ta miƙe, awarwaronta na kuka. "Dama tun da na shigo nake shakka. Wane irin gidan sharifai ne wannan?"

"Wa ya ce miki mu sharifai ne?" in ji Baba.

Mama ta sami wani abu mai ban sha'awa a jikin labule ta zuba masa ido. Hajja Zubida ta kai ƙofa, ta dawo, ta ɗauke tiren makrut ɗinta, ta fita. Ɗanta na biye, yana barin sawu a kan kafet.

"Wa ya ba ragona abin da ya ci?"

"Ƙullu ne ɗan kaɗan," in ji Mama, idonta na kan labule.

Baba ya rufe ido ya buɗe. Sai a lokacin ya dube ni. "Kin bar ni na tsaya gaban unguwa ina tambayar baƙo abin da ke cikin gidana."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ban gama da ke ba. Je ki kawo masa ƙanƙara."

Na kawo a cikin tawul. Lutfi na zaune a bakin kujera, gwiwoyi a haɗe, kamar wanda ya zo allura. Na miƙa masa, yatsunmu suka haɗu, kuma ba zan ɓoye muku ba, a raina har na fara zaɓen kalar labulen ɗakina. Mutum ya sha mari ya sha naushi bai ambaci sunana ba. Baba ya tsaya masa da kansa. Me ya rage? Ko fim sai haka.

"Rago ka zo dubawa, ko 'yata?" in ji Baba.

"Yau dai rago ne, Si Kaddur. Amma ina son ta. Na daɗe ina son ta."

Mama ta saki labule ta juyo. Na ga tana auna shi: likita dai likita ne, ko na awaki.

"To madalla. Yaushe mutanenka za su zo?"

Lutfi ya kai yatsa zai tura tabarau, ya tarar babu. Ya sauke hannun.

"Akwai... wata magana. Na samu aiki a Kanada. An ba ni izinin shiga. Bayan Sallah zan tafi."

Na ji kamar rigar aron nan ta ƙara matsewa.

"Bayan wace Sallah?" na ce.

"Wannan."

"Wannan ta jibi-jibin nan?"

"Na so in gaya miki, Muniya. Kullum sai in ce bari in..."

"Ka daidaita."

Ya sunkuyar da kai. Fiye da shekara ina zaune a bencin bakin teku ina ba shi labarin irin kicin ɗin da nake so, shi kuwa yana kallon ruwa yana lissafin ƙetarewa. Yanzun nan na tsaya a baranda na yaga sunana gaban kowace taga a unguwarmu. Gobe in na fita aiki sai na bi ta gaban shagon Huwari. Shi kuma yana can cikin ƙanƙara yana duba haƙoran shanun Turawa.

Na ɗauka Baba zai yi tsawa. Bai yi ba. Ya jingina, yana juya malafar a hannunsa.

"Na san irinka," ya ce a hankali. "A fim, ya shigo gari ba wanda ya san shi. Ya gyara abin da ya lalace, ya sha duka bai yi ƙorafi ba, kowa ya so shi. Sannan ya hau dokinsa ya nufi faɗuwar rana. Mu kuma mu miƙe muna tafi, muna fito." Ya juyo ya dube ni, idonsa ya yi ja. "Akwai wata mace da ake bari tsaye a bakin ƙofa. Shekara hamsin ina tafa wa wurin nan. Ban taɓa kallon fuskarta ba sai yau."

Daga ƙasa ragon ya yi kuka, lafiyarsa ƙalau, ɗan albarka.

Lutfi ya ajiye tawul ɗin, ya miƙe. "Ku gafarce ni. Gara in tafi, in ya so daga baya..." Ya miƙa hannu wajen tebur.

Na riga shi. Na ɗauke makullin motar, na zura shi ta wuyan rigata, ya sauka inda ko Huwari da ƙarfensa ba zai isa ba.

"Muniya!" in ji Mama.

"Dokin naka yana hannuna," na ce wa Lutfi. "Zauna. Daga farko za ka fara, tun ranar da ka nemi aikin. Kuma in na ji kalmar daidaitawa, da ƙafa za ka je Kanada."

Ya dubi Baba yana neman ceto. Baba ya tashi, ya rataye malafarsa a bayan ƙofa, ya kashe talabijin.

"Na cece ka sau ɗaya yau, ɗana. Ya isa." Ya kama hannun Mama. "Zo mu je, ki nuna min robar ƙullun nan. Hanna, taso mu ba su wuri."

Hanna ta gyara zama, ta jawo kofin shayin da Hajja Zubida ta bari, ta ɗora ƙafa kan matashi.

"Ba inda za ni," ta ce. "Yau dai an sa wanda mace ke magana a ciki."